Sifikun Mota a Gidan Suna

Idan ka shiga tasha a Gusau ka ce kana neman Injiniya Attahiru, za ka sha yawo, don ba wanda zai gane wanda kake nufi. Amma kana cewa Ɗankunu, ko mai sayar da rake zai nuna maka teburinsa da baki. Can yake wuni ƙarƙashin wata tsohuwar lema, yana sayar da cajar waya yana tura wa direbobi waƙoƙi, da sukundireba maƙale a kunne kamar biro. Injiniyancin kuwa shi ya naɗa kansa, tun ranar da ya kwance wata tocila ya mayar ta kama. Daga ranar ba a sake ganin ta kama ba, amma sarautar ta zauna.

Sunan Ɗankunu shi ne ciwon ransa. A unguwarsu can Bungudu akwai wata tsohuwar ungozoma da kowa ke kira Iya, kuma duk laƙabin da ka ji a unguwar daga bakinta ya fito. Ranar sunan Attahiru jaki ya shigo gida ya ture tukunyar kunu, Iya ta dubi kunun ta dubi jariri ta ce Ɗankunu. Shi ke nan, ga shi har ya yi gemu sunan bai sake shi ba.

To, sai Allah ya sauki matarsa Bara'atu lafiya a gidan iyayenta a Bungudu, ta haifi namiji, ɗan fari. Attahiru ya ce sunan surukinsa za a sa wa yaro, wato Alhaji Dalhatu. Ka ga kenan ba mai iya kiran sunan a gidan: uwa ba ta faɗin sunan ubanta, uba ba ya faɗin na ɗan fari, balle kaka ta kira sunan mijinta gatsal. Dole a yi laƙabi, kuma laƙabin shi ne zai bi yaron har furfura. Iya kuwa tana nan da ranta, haƙora sun ƙare amma bakin yana nan garau.

Attahiru ya sayi sabulu da goro ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Iya, alfarma niz zo nema. Yaron ga, Cigari nika so a ce mai."

Iya ta sansana sabulun ta tura ƙarƙashin tabarma. "Ɗankunu, ni ba ni zaɓe. Ranar suna ita ka zuwa da sunanta, baki kawai nika ara mata."

"Injiniya, Iya."

"Na'am, Injiniya Ɗankunu."

Ya fito yana cizon yatsa, amma kafin ya kai zaure dabara ta faɗo masa. Tunda rana ke kawo suna, to shi zai shirya ranar. Zai haɗa sautin da zai ci garin Bungudu da amo, yadda Iya ba ta da abin cewa sai Cigari. Nan take ya tsaya gaban mutanen da ke zaune a dakali ya buga ƙirji.

"Ku shaida! Sunan yaron ga sai an ji shi daga Bungudu har Gusau, har Tsahe. In ba a ji ba, ku canza min suna."

Wani tsoho ya ce, "Ai mun daɗe da canza ma."

Alhaji Dalhatu yana da wata amfilifaya ta gida, baƙa mai nauyi, da makirfonta da sifikunta biyu na katako. Da ita yake sauraren karatu da labarai, kuma kullum lulluɓe take da ƙyalle mai ado, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. Attahiru ya roƙi aro. Alhaji ya dubi surukin nasa sama da ƙasa, kunya ta hana shi cewa a'a.

"To, amma ka bi ta a hankali. Ga sifikunta nan."

"Baba, waɗanga? Ai waɗanga na ɗaki ne, na sauraren labarai. Ni sifikun mota zan sa mata. Ba ka jin mota in ta shigo tasha, har gilashi ka rawa? Mota guda kenan. To a ce goma."

"Za su yi da ita kuwa?"

"Baba, sifika sifika ce. Waya biyu gare ta, ja da baƙa. Ni da nika kwance jirgin sama in an kawo min."

Washegari ya kama amininsa Dogo, direban motar haya mai jigila tsakanin Bungudu da Gusau da Tsafe. Dogo mutum ne mai haƙuri, irin haƙurin da ke jawo wa mutum wahala. Suka nufi Tsafe, inda wani ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ke da gawar wata tsohuwar bas a bayan shago. Kaji sun mayar da bas ɗin gida, har wata ta yi ƙwai a kujerar direba. Attahiru ya shiga da sukundirebansa yana cewa minti biyu ya gama. Notin farko ya ƙi juyawa don tsatsa, ya danna da ƙarfi, sukundireban ya zame ya huda takardar sifikar fus.

Dogo ya ce, "Ka huda ta."

"Hanyar iska na yi mata. Kai mi ka sani?"

Kazar nan ta taso ta dafe masa hula, ya fito da gudu yana salati, ɗan gwangwan na dariya har da riƙe ciki. Da ƙyar dai aka ɓamɓaro sifiku takwas, wasu da guntun ƙarfen bas manne a jiki, wata da kashin kaji a tsakiya.

A hanyar dawowa Dogo ya yi kuskuren kunna waƙa. Attahiru ya kasa kunne, ya dubi ƙofar da ke gefensa, ya shafa ta.

"Dogo, naka na da daɗi."

"A'a."

"Ban ce komi ba tukuna."

"Na ce a'a. Nawa a cikin ƙofa suke, an ɗaure su da ƙusar da ba ta kwantuwa."

"To wa ya ce a cire su daga ƙofa? Ƙofar za mu cire. Kwana guda tak, ana shafa fatiha in mayar ma."

Wallahi ban san da wane baki ya lallashe shi ba. Abin da na sani shi ne jajibirin suna mutanen unguwa sun fito sun tarar da ƙofofin mota huɗu jingine da bangon zauren Alhaji Dalhatu, ga motar Dogo a gefe tsirara, iska na shiga ta nan tana fita ta can. Notunan ƙofofin kuwa Attahiru ya zuba su a wata ƙwarya ya ajiye bakin zaure.

Sauran sifikun takwas ba su da akwati, in an kunna sai su riƙa ƙara siririya kamar sauro. Injiniya ya ce rami suke so. Ya faɗa cikin gida ya kwaso tulu biyu da randa da bokitin wanka, ya mirgino turmi. Mata suka yi caa.

Inna Hasana, uwar Bara'atu, ta fito da taɓarya a hannu. "Malam Attahiru, turmin ga da shi za mu daka yajin jego!"

"Inna, yau turmin ga ya samu ƙarin girma. Waƙa zai yi."

Bara'atu ta leƙo daga ɗaki, jariri a kafaɗa. "Malam, don Allah ka rufa min asiri. Uban ɗan fari ɓoyewa shika yi ranar suna. Kai ka tara min ƙofofin mota a gidan ubana."

"Wannan ɓoyon na mutanen da ne. Ke dai ki riƙe Cigari da kyau, kada amo ya kwashe shi."

Ya kifa sifika a bakin kowane tulu ya liƙe da laka, ya sa babbar a bakin turmi, ya jawo wayoyi ja da baƙi suka cika tsakar zaure kamar taliya. Dogo, wanda ya kasa barin ƙofofinsa, ya tsuguna yana leƙen bayan amfilifaya.

"Injiniya, nan an rubuta takwas. A bayan sifikun kuma huɗu nig gani. Ba a ce komi ba?"

"Yo ai shi ne lissahin. Ita takwas take so, kowace sifika huɗu gare ta. Huɗu da huɗu nawa?"

"Takwas."

"To ka gani. Ni kuwa goma sha biyu zan ba ta. Ta ci ta ƙoshi har ta bar saura."

Abin da Injiniya bai sani ba, kuma ko za a yanka shi ba zai tambaya ba, shi ne lissafin nan a baibai yake tafiya. Sifikar mota ta fi ta gida zuƙar wuta, kuma in ka murɗe wayoyin biyu a baki ɗaya, huɗun nan komawa take biyu. Duk sifikar da ya ƙara, ƙarin maraƙi ne a nonon saniya guda. Shi kuwa ya kama jajayen wayoyi shida ya murɗe wuri ɗaya ya cusa a dama, ya kama shida ya cusa a hagu.

Aka tayar da janareto don gwaji. Ya kunna. Turmi ya yi gum, randa ta amsa, ƙofofin Dogo suka kama rawa, sai kuma ɗif.

Dogo ya ce, "Ta mutu."

"Tsoro ta ji. Ba ta saba da manyan kaya ba."

Ya buɗe bayanta ya zaro fis, ya ɗaga shi a rana, ya ga ya ƙone ƙurmus. Ya yi tsaki.

"Ka ga munafukin. Ɗan siririn abin ga shi ka hana ta aiki. Turawa na sa shi ne don kada talaka ya ji daɗi."

Ya miƙa hannu cikin ƙwarya ya ɗauko ɗaya daga notunan ƙofar Dogo, ya danna shi a gurbin fis ɗin da filaya. Ya kunna, ta kama, ya yi maza ya kashe don kada a cinye daɗin tun kafin gobe.

Saura mutum ɗaya, Malam Yahaya sanƙira, wanda shi ke shelar sunan kowane jariri a unguwar, mutum mai murya kamar ganga. Attahiru ya tare shi a hanya ya ce gobe ya huta, zamani ya wuce maƙogwaro. Malam Yahaya ya ce, "To, Allah ya kai mu. Zan dai zo cin goro."

Ranar suna da hantsi ƙofar gida ta cika. An shimfiɗa tabarmi, Liman na tsakiya, Alhaji Dalhatu na gefensa cikin babbar riga, rago na ɗaure a gindin dalbejiya. A bakin zaure mata sun ajiye wata ƙatuwar roba cike da kunu don baƙi. Iya kuwa ta sa an kawo mata kujera 'yar tsugunno daidai ƙofa, ta zauna da sandarta tana kallon kowa.

Maimakon uban ɗan fari ya ɓuya, sai ga shi ya fito cikin shadda mai maiƙo, sukundireba a kunne, makirfo a hannu. Tsofaffi suka sunkuyar da kai don kunya, tunda shi bai da ita.

Tun kafin a kunna aka fara. Wanzami ya ajiye zabirarsa a jikin randa, da ya buɗe sai askarsa ta yi tsalle ta manne a bayan wata sifika da Injiniya ya liƙa a kife. Ya ja, almakashi ya bi. Ya ja da baya yana a'uziyya.

"Mayen ƙarhe ne, Malam, ilimi ne," in ji Attahiru.

"To ka ce ma ilimin ya sakar min aska, aski gare ni."

Liman ya yi gyaran murya aka fara addu'a. Attahiru ya ga lokaci ya yi, ya murɗa sauti har ƙarshe, ya tsaya daidai gaban turmi da makirfo. Jama'a, wata ƙara ta tashi, ƙiiiii, wadda ta shiga haƙorin kowa. Masu amin suka toshe kunnuwa. Rago ya tsinke igiya ya bi ta kan tabarmi, ya watsar da goro, ya shige tsakanin ƙofofin mota, ɗaya ta faɗi ta danne takalman mutane. Jariri ya tsala kuka a cikin gida. Samari suka bi rago, rago ya ja waya, tulu guda ya bi shi yana gungurawa yana waƙa.

"Gwaji ne! Kowa ya zauna, gwaji ne!" Muryar Attahiru ta fito ta cikin randa kamar mai magana daga rijiya.

Dogo ya taɓa saman amfilifaya ya janye hannu. "Injiniya, ta yi zahi. Ana iya gasa masara a kai."

"Aiki take yi. Kai in kana aiki ba ka zuhwa? Yi mata fifita."

Dogo ya ɗauki faifai ya dinga yi. Wani wari ya fara tashi, irin na robar takalmi a wuta. Alhaji Dalhatu ya ɗaga hanci.

"Attahiru, mi ka ƙauri haka?"

"Girkin mata ne, Baba."

Daga cikin gida Inna Hasana ta ɗaga murya, "Kada ka ƙulla mana sharri, girkinmu lahiya lau shike!"

Attahiru ya fizgi ƙanƙarar da aka jiƙa lemo da ita ya ɗora a kan amfilifaya, ta fara narkewa tana ɗiga ta cikin ramukan iska. Aka kamo rago, aka sake zama, Liman ya yi sauri ya raɗa sunan don a rabu lafiya. Attahiru ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji da iska, ya dubi Iya don ta shaida.

"Jama'ar Bungudu! Jama'ar Gusau! Jama'ar Tsahe! Sunan yaro..."

Fat! Wuta ta yi tartsatsi, sai hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe daga amfilifaya, ya cika zaure, ya bi soro ya shiga cikin gida. Ƙyallen adon da ke gefe ya kama. Liman ya tattare riga, masu tari na yi, masu salati na yi, mata na ihu a fito da jariri. Dogo ya yar da faifai ya ruga ya kashe janareto, sannan ya koma ya rungume ƙofarsa.

"Ruwa! A kawo ruwa!" in ji Alhaji.

Ina ruwa? Randa da tuluna da bokiti duk suna nan da sifika a baki. Attahiru ya waiga hagu ya waiga dama, idonsa ya faɗa kan robar nan ta bakin zaure. Bai tsaya tunani ba, dama ba halinsa ba ne. Ya sungume ta ya sheƙa wa amfilifayar surukinsa kunun gaba ɗaya.

Wuta ta mutu. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai kunu na tafasa a cikin amfilifaya, ɓul, ɓul. Ya gangara ya bi tabarmi ya jiƙa gefen rigar Liman. Alhaji Dalhatu ya dubi abin da ya shekara da shekaru yana karewa daga ƙuda, ya ce, "Innalillahi."

Sai aka ji dariya ƙasa-ƙasa. Iya ce, ta dafa sanda, hawaye na bin kumatunta.

"Wancan karon jaki ya zubar. Wannan karon ba a wahalar da jaki ba."

Attahiru ya zube gabanta, shadda duk kunu. Ya san abin da ke tafe, kuma ya san nauyinsa fiye da kowa a wurin.

"Iya, ki dubi Allah. Ki dubi sabulun nan."

"Sabulu ya yi kumfa, na gode. Saboda shi zan yi ma abin da ban taɓa yi ma kowa ba. Ranar ga da suna biyu ta zo, kai za ka zaɓa. Ko Kunu Ƙarami, ko Ɗanhayaƙi."

"Cigari fa?"

"Wane gari anka ci? Goro dai rago ya ci."

Attahiru ya dubi kunun da ke ƙasa, ya tuna shekarun da ya yi yana amsa shi a makaranta da tasha da gidan surukai. Ya dubi hayaƙin da ke fita ta saman zaure. Murya can ƙasa ya ce, "Hayaƙin."

Malam Yahaya sanƙira, da ke gefe yana cin goronsa tun ɗazu, ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya sa hannu a kunne.

"Sunan yaro Dalhatu! Allah shi raya! Iya ta ce Ɗanhayaƙi, uban ya amince!"

Ba waya ba janareto, amma har masu wanki a bakin gulbi sai da suka ɗago kai. Mata suka rangaɗa guɗa a cikin gida, kuma an ce har da muryar Bara'atu a ciki.

Da aka watse Dogo ya zo mayar da ƙofofinsa, aka nemi ƙwaryar notuna aka rasa. Rago ya yi fatali da ita, notunan sun bi kunu da ƙasa, mata sun share sun zubar a bola. Guda ɗaya da aka san inda yake ya narke a cikin amfilifaya. Haka Dogo ya ɗaure ƙofofin a saman mota da igiyar ragon suna, ya kama hanya fasinjoji na riƙe da juna. Duk inda ya tsaya sai an tambaye shi ina ƙofofi, shi kuwa ba ya gajiya da bayani, daga kazar Tsafe har zuwa kunu.

Ranar kasuwar Tsafe Attahiru ya je neman wanda zai duba amfilifayar Alhaji, ya rufe ta da buhu don kada a gane. Yana sauka daga motar Dogo wani mai shayi da bai taɓa gani ba ya ɗaga masa hannu.

"A'a, Baban Ɗanhayaƙi! Ya mai jego?"

Mutanen rumfa suka fashe da dariya. Attahiru ya tsaya cak, buhu a ka, ƙudaje na bin warin kunu. Sai ya gyara sukundireban kunnensa ya juya wajen Dogo.

"Ka ji ko? Mi nic ce muku? Na ce sai an ji sunan yaron ga har Tsahe."